Bargon da Muka Kai Mirriya

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a dangi, na kuma san ta iso kunnuwanku: wai na gaji da jinyar mahaifiyata, na ɗauke ta na kai Mirriya na ajiye, na haɗa da bargon da aka saƙa don auren Rakiya na bayar. Ban taɓa musawa ba, domin rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa ba ni da iznin faɗinsa a lokacin. Yanzu waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, ni ma na daɗe da ajiye alli, idona ya fara gajiya. Shi ya sa na sayi wannan littafin kaye da alƙalamin bik, in rubuta muku yadda shekarar nan ta kasance, musamman ke Rakiya, da yake ke aka fi cuta.

Iya, wadda kuke kira Kaka, ta koyi saƙar kwarashi a fuwaye, inda ake koya wa matan aure ɗinki da saƙa, tun muna zaune a unguwar Birni ta Damagaram, a gidan nan na gindin duwatsu da kakanku yake dukanci a zaure. Na tashi ina jin warin fata da bagaruwa daga waje, a cikin gida kuma ina ganin curin zare yana birgima a kan tabarma. Hulunan jarirai take yi da 'yan safa, kusan duk wanda aka haifa a unguwarmu ya sa hular Iya kafin a yi suna. Bayan rasuwar kakanku, da ƙafafunta suka yi nauyi, babanku da kansa ya je ya ɗauko ta zuwa gidanmu na Zango, ya ba ta ɗakin da ke fuskantar darbejiya. Tana nan tare da mu har shekarar da aka sa ranar Rakiya. Ranar da aka kawo goro ta kira ki, ta kama hannunki ta ce:

"Ƙawata, ni ba ni da gado ba ni da kwalla. Amma zan yi miki abin da ko an zagaye kasuwar Dole ba za a samu irinsa ba."

Bargo take nufi, babba, na mutum biyu. Na kawo mata sabon zare ta shafa ta mayar mini, ta ce wannan bai san jikin mutum ba, ba zai yi ɗumi ba. Sai ta aike ni wurin 'yan gwanjo in zaɓo tsofaffin tiriko, rigunan sanyi na saƙa masu kauri. Mu yanke bakin hannun riga, mu nemo bakin zaren, ita tana ja ni ina naɗewa, rigar tana ƙanƙancewa a cinyarta har ta ƙare. Zaren da aka warware yakan fito a nannaɗe, sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi an shanya an rataya masa dutse kafin ya miƙe. Kwana da kwanaki igiyar shanyarmu cike take da ja da shuɗi da ruwan goro da ruwan toka, 'yan duwatsu suna lilo a ƙasa. Babanku in ya dawo daga kanti yakan sunkuya ya ratsa ta ƙarƙashinsu, ya ce gidansa ya koma marina.

Falle-falle take saƙawa, kowanne kamar faɗin tafin hannu biyu, a tara su cikin kwando sai sun cika a haɗa. A cikin wannan aikin ne na fara lura da abin da ke samunta. Ta yi sallar la'asar, ta shafa fatiha, bayan ɗan lokaci ta tashi ta sake alwala. Ta tambaye ni ko an kai wa kakanku abinci a zaure. Wata rana ta dube ni sosai ta kira ni Fanna, sunan ƙanwarta, sunan da ban ji ya fito daga bakinta ba tun ina yarinya. Na kai ta likita, aka rubuta ordinas, takardar sayen magani, aka ce mini tsufa ne ya taɓa kai, sai haƙuri da lallashi. Hannunta kam bai manta kome ba. Takan rasa sunan abin da ke gabanta, amma kwarashin yana shiga yana fita, bakinta yana motsi da ƙirgar da ba ta ɓata.

Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a lokacin. In na taso da yamma sai in ajiye jaka, in shimfiɗa tabarma kusa da tata, in ɗauki nawa kwarashin, domin na ga in ba a taya ta ba bargon ba zai ƙare ba. Ban iya kamar ita ba, da girmana ta koya mini, tana bugun bayan hannuna in na tsuke zare. Waɗannan yammacin su ne na fi tunawa a duk rayuwata, kuma in na tuna su sai in rasa ko an yi su ko mafarkinsu na yi. Rana ta karkata, inuwar darbejiya ta rufe rabin tsakar gida, ƙarar baburan kabu-kabu tana zuwa daga titi kamar daga wani gari. Iya ta fara magana ba tare da ta ɗaga kai ba, kuma duk maganar Mirriya ce, inda aka haife ta. Ta ce ruwa yana gudu a tsakanin lambuna, sanyinsa har cikin haƙori. Ta ce ita da Fanna sukan fita da sassafe tsintar dabinon da ya faɗo, raɓa ta jiƙa musu bakin zane. Ta ba ni labarin raƙuman da ke saukowa daga arewa da kantun gishiri, su durƙusa a gindin kuka, da matan da ke ɗauko tuluna sababbi a ka ranar kasuwa, har yanzu da ɗumin wuta a jikinsu. Ba ta cewa an yi, sai dai ta ce ana yi. In ta ɗauki shuɗin zare ta ce ga tabki ya cika, in ta ɗauki kore ta ce albasa ta yi kyau bana. Ina zaune a Zango, ga alli a farcena, amma sai in ji kamar ƙafata tana cikin ruwan nan. Har sai ladan ya kira magariba mu farka mu biyu.

Fallayenta sun fara karkacewa, wani ya yi faɗi wani ya tsuke. Da farko nakan ɗauke su da safe in warware in gyara, don ina son na Rakiya ya fito sumul. Ran nan ta juya wani a hannunta, ta ce:

"Wa ya taɓa mini saƙa?"

Na ce, "Ni ce, Iya. Na ga ya ɗan karkace."

Ta ce, "Haka na ga dama."

Daga ranar ban sake warware mata ko ɗaya ba.

Yanzu dole in gaya muku abin da ba a faɗi a gidanmu. Ina da ƙanwa, sunanta Azumi, tsakaninmu shekara uku. Inna Fanna ta yi aure a Mirriya Allah bai ba ta haihuwa ba, sai Iya ta ba ta riƙon Azumi bayan yaye. Abin da nake tunawa da ita kaɗan ne: wushirya, da wata 'yar tsana ta kara da ba ta rabuwa da ita. Tana da shekara shida zazzaɓi ya kama ta da damina, kwana uku ta rasu, kafin saƙo ya iso Birni an riga an kai ta. Iya ta je zaman makoki. A gaban mata, tsakar gida cike, ta dubi ƙanwarta ta ce da a hannuna take da ba ta mutu ba. Ta ɗauki mayafinta ta dawo Damagaram. Malamai sun yi magana, kakanku ya yi, dattawan dangi sun yi ta kai da kawo. Sai gaisuwa ta bakin wasu, in an yi rasuwa ko biki kowacce ta zauna a nata gefen. Haka aka yi shekara arba'in, ga shi tsakanin garuruwan biyu ba wata tafiya ba ce.

Da sanyi ya fara shigowa, kwando ya kusa cika, sai Azumi ta dawo bakin Iya. Tana saƙa ta ce:

"Mu yi sauri. Mirriya akwai sanyi, ga ruwa ga lambu. Yarinyar nan ba ta da abin rufa mai kauri."

Na ce, "Wace yarinya, Iya?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Azumi mana. Tana lafiya ko?"

Na ce tana lafiya. Ban san lokacin da na faɗa ba. Washegari ta sake tambaya na sake faɗa, daga nan ya zama kullum. Wata rana in ce ta tafi lambu da Inna Fanna, wata rana in ce an yi mata kitso. Iya ta yi murmushi ta ci gaba da saƙa. Ni kuma in shiga ɗaki in yi istigfari, don ina ƙirƙira wa matacciya kwanakin da ba ta yi ba. Abin mamaki, ni ma na fara ganinta. In ina haɗa fallaye sai in ga 'yar yarinya mai wushirya tana bin bayan wata mata a kan kunyar albasa, ta tsaya ta waiwayo. Na gaya wa babanku, ya ce Allah ya san niyyata, amma in sani bargon nan ya tashi daga na Rakiya.

Haɗin ya ɗauke mu mako biyu. Muka shimfiɗa fallayen a tsakar gida, Iya tana zaune a kujera tana nuni da sanda, wannan kusa da wancan, a'a mayar da jan can gefe. Nawa masu kyan kusurwa, nata masu karkata, sai na ja wani na saki wani kafin su yarda su zauna tare. Ita ta yi masa baki da zare ruwan ƙasa, layi uku. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta yi ƙullin ƙarshe, ta ciji zaren da sauran haƙoranta, ta ƙi almakashi. Muka kama shi ni da Rakiya, muka ɗaga. Yana da nauyi, bai miƙe daidai ba, gefe ɗaya ya fi tsawo. Rana ta ratso ta ƙananan ramukan saƙar ta zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo. Maƙwabta suka shigo kallo, kowa ya shafa ya ce amarya ta yi goshi. Ke Rakiya kika lulluɓa da shi kina zagaya tsakar gida kina dariya. Iya ta bar ki kika gama, sannan ta ce:

"To, 'yar nan, naɗe shi da kyau. Jibi za mu kai wa Azumi."

Na ga yadda fuskarki ta sauya. Kin san kan Kaka ya taɓu, amma ba ki san wace ce Azumi ba, kuma kin zaci zan yi abin da na saba, in ce to, in bari ta manta. Ni ma na so ta manta. Ba ta manta ba. Ranar Asabar ta ɗaure kayanta a ɗankwali, ta zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, ta ƙi cin abinci. Na yi ta auna abin. Saura wata ɗaya biki, kuma an yi alkawari a gaban mutane. Ga tsohuwa kuma da ba ta nemi hanyar Mirriya ba shekara arba'in, yau tana nema, ko da a cikin ruɗu ne. Ban san irin tarbar da Inna Fanna za ta yi mana ba. Na shiga ɗakinki na ce zan kai bargon, zan saƙa miki wani. Kika ce:

"Mama, wani ba na Kaka ba ne."

Da na zauna na gaya miki labarin Azumi a ranar, na san da kin naɗe shi da hannunki. Kunya ta hana ni tona abin da uwata ta faɗa a gidan makoki. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mirriya, muka shiga motar Hiyas da hantsi. Iya ta rungume bargon a cinya ta ƙi a ɗora shi a sama. Duk hanya tana kallon gonakin da aka girbe, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Da muka sauka na tsaya ina tunanin kwanar da za mu bi, domin rabona da gidan tun ina 'yar shekara tara. Sai ta wuce gabana da sandarta, ta bi lungu, ta karya ta gindin wata kuka, ta tsaya a ƙofar gida. Matar da ke ɓata tsakanin ɗakinta da banɗaki ita ta kai ni.

Inna Fanna tana tsakar gida tana gyaran zogale. Mijinta ya rasu, tana zaune da iyalin ɗan ƙanensa. Ta tsufa, ta rame, amma goshinsu ɗaya da Iya. Ta amsa sallama, ta ɗago, tiren ya tsaya a hannunta. Iya ta ce:

"Fanna, ba za ki ba ni wurin zama ba?"

"Ga wuri, Yaya."

Ta matsa a kan tabarmar. Iya ta zauna dab da ita, ta kwance bargon, ta shimfiɗa a kan ƙafafunsu su biyu, ta gyara gefen da ke wajen ƙanwarta ta cusa shi ƙarƙashin gwiwarta. Ta fara nuna mata fallaye, ga tabki, ga albasa, ga zanen da Baba ya sayo mana da salla. Inna Fanna tana cewa haka ne, Yaya, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba. Ni ina gefe ina jiran tambayar. Har aka kawo fura, har aka yi azahar, Iya ba ta yi ta ba. Da Inna Fanna ta tashi alwala na bi ta bayan ɗaki, na gaya mata halin da ake ciki, na roƙe ta in an tambaye ta ta ce yarinyar ta tafi lambu. Ta zuba ruwa a hannunta, ta ce:

"Hadiza, bar ni da yayata."

Da la'asar na ce Iya ta tashi mu tafi kada mota ta ƙare. Ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta ce in gaida mutanen gida, ta gode da rakiya. Na lallaba, na ce ga magungunanta can, ga bikin ƙawarta. Ta riƙe hannun ƙanwarta ta kau da kai. Inna Fanna ta ce in bar ta ko kwana biyu ne. Na koma tasha ni kaɗai, hannuna babu kome.

Kwana biyun nan ya zama wata huɗu. Duk Lahadi nakan je da magani da goro da sabulu, duk zuwan da na yi sai na ce ta zo mu koma, ta ƙi. Nakan same su da hantsi a bakin ɗaki, bargon a kan ƙafafunsu, wani lokaci suna hira, wani lokaci suna gyangyaɗi kai da kai. Ta daina tambayata Azumi, na ɗauka mantawa ta yi. Kawunku Mamman ya zo daga Yamai ya yi mini faɗa a gaban babanku, ya ce na yar da uwarmu a ƙauye a hannun wadda ba ta shiri da ita. Ya je da mota zai ɗauko ta, ya dawo shi kaɗai, amma bai janye maganarsa ba, daga bakinsa ta bazu. Aka yi bikinki, Rakiya, babu Kaka babu bargo. Na saƙa miki wani daga baya, kin karɓa kin yi godiya, ban taɓa ganinsa a kan gadonki ba, ban kuma ga laifinki ba. Kin yi kusan shekara kina gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabciya. Wannan shi ne abin da na biya, kuma na san ke ma kin biya abin da ba ki ci ba.

Iya ta rasu da bazara, da safe, bayan ta sha kunu. A Mirriya aka binne ta, a maƙabartar da Azumi take. Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Inna Fanna ta kira ni ɗakinta. Bargon yana naɗe a kan gado, ya fara tashin gashi, yana ƙamshin hayaƙi da man zafi. Ta ce za ta gaya mini wani abu, amma in riƙe shi har sai ta bi yayarta, domin ba ta son a yi ta yawo da shi a baki. Na yi mata alkawari, na kuma cika. Ta ce tun washegarin ranar da na kawo ta, Iya ta tambaye ta ina Azumi.

Na ce, "Kika ce ta tafi lambu?"

Ta ce, "A'a. Na ce mata, Yaya, Azumi ta rasu, a hannuna ta rasu, na yi iyakar yina Allah ya karɓi abinsa."

Na ce, "Sai ta ce me?"

"Ta dube ni, har na ce yau ma zan ji irin ta wancan karon. Sai ta ja bargon ta rufe mini kafaɗa. Ta ce, Allah ya jiƙanta. Sannu, Fanna, kin sha wahala, ke ce uwarta."

Inna Fanna ta shafa bargon, ta ci gaba. Ta ce kafin azahar Iya ta manta an yi maganar. Washegari da safe ta sake tambaya, ita kuma ta sake gaya mata gaskiya, da fargaba kamar ta jiya, Iya ta sake ba ta amsar nan. Haka suka yi kowace safiya har ranar ƙarshe, ba a taɓa samun ranar da amsar ta sauya ba.

Ta ce, "Shekara arba'in ina roƙon Allah in ji kalmar nan sau ɗaya kafin in mutu. Sai ya ba ni ita kullum da safe, wata huɗu."